Kafin mu kawo kifin teku Yamai, mu fara tambayar kuran

Wani matashi ya turo mana bidiyon wani ɗan kifi, tsawonsa bai wuce yatsa ba, jikinsa ja da ruwan goro da shunayya, sai ka ce an rina shi. Yana tambaya: nawa zai kashe ya ajiye irinsa a falonsa nan Yamai? Amsarmu ita ce ya dakata tukuna.

Turawa na kiran kifin nan fairy wrasse, masana kuma Cirrhilabrus. Gidansa duwatsun murjani na tekun Indiya da Fasifik. Wallahi abin sha'awa ne. Yakan fara rayuwa a mace, in ya girma ya rikiɗe namiji, launinsa ya ƙara ƙayatarwa. Da dare yakan lulluɓe kansa da wani yauƙi ya kwanta cikin ramin dutse. Har yanzu ana gano sababbin irinsa: a 2019 an sanar da wani daga gaɓar Zanzibar, a 2022 wani daga tsibiran Maldibs.

To amma kallon kitse muke wa rogo. Daga nan zuwa teku a Kwatano kusan kilomita 1,000 ne. Ke nan ruwan ma haɗa shi za ka yi: ruwa tatacce da gishiri na musamman, kimanin giram 35 a kowace lita. Gishirin Bilma ko na miya ba ya yi. Famfo ya riƙa juya ruwan dare da rana. Sai murfi, don kifin gwanin tsalle ne, ka bar akwatin gilashin buɗe ka tarar da shi a ƙasa ya bushe. Babbar magana kuwa zafi: ruwan ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 27.

Yanzu mu tambayi kanmu. Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40, sau nawa kuran ke ɗaukewa a unguwarku? Mun tuna Agustan 2023, da Najeriya ta yanke mana wuta, yadda masu firigo suka yi ta zubar da kaya. Mutum zai iya fita ƙarƙashin bedi ya sha iska. Kifi ina za shi? Famfo ya tsaya, ruwa ya yi ɗumi, iskar ciki ta ƙare, cikin awoyi kaɗan an gama.

Wani zai ce kuɗinsa ne, yana da gurup da sola da kilim. Gaskiya ne, ba mu hana kowa sha'awarsa ba. Sai dai ya sani mafi yawan kifayen ado na teku kamo su ake daga murjani, musamman a Indonesiya da Filifin, su yi doguwar tafiya cikin leda. Kifin da ya tsira daga duk wannan ya zo ya mutu a Plateau ko Yantala saboda an manta da sayen gazuwal, alhakin ransa na wuyan wa?

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne ga kogi kwance ƙarƙashin Gadar Kennedy. Cikinsa akwai kurungun da ke iyo a rigingine, ciki sama. Akwai minjirya mai wutar lantarki a jikinta. Irin waɗannan masu kiwon kifin ado a Turai ke biyan kuɗi su mallaka, mu kuwa sai a tukunya muka san su. Su ma suna son tsabta da iska, amma sun san zafinmu, kuma ba ruwansu da gishiri.

Don haka shawararmu ga wannan matashi: ka je Gamkalle ka zauna da masunta, su nuna maka kifayen da ba ka taɓa jin sunansu ba. Ka fara da ƙaramin akwati na ruwan daɗi. In ka raya su suka ketare bazara guda, sannan mu yi maganar teku.

Hukumomi kuma, gidan tarihi na Boubou Hama na da zakuna da dorina. Me zai hana a ware ɗaki guda na kifayen kogin Neja, ƴan lakwal su gan su da rai? Yashi na cike kogin, kainuwar Turawa na shaƙe shi. Yaron da ya san kurungu da ido shi zai damu ranar da aka ce ya yi ƙaranci.

Allah ya sa mu dace.