ZAUREN UWARGIDA: Tambayar Lissafi Ba Ta Ɓata Zumunci

 

Kwanakin baya wata maƙwabciyata ta shigo mini da hantsi, ko zama ba ta yi ba ta fashe da kuka. Shekara uku ke nan da ta sayar da sarƙarta ta gwal, ta haɗa da ɗan abin da ta samu na gadon mahaifinta, ta danƙa wa ƙanin mijinta yana juyawa a harkar hatsi. Babu takarda, babu shaida. Duk sallah yakan aiko mata da ɗan wani abu ya ce riba ce. Yanzu auren 'yarta ya taso, ta nemi uwar kuɗin don yin kayan ɗaki, ya ce ai kasuwa ta cinye tun bara. Na ce mata, "'Yar'uwa, a shekara ukun nan kin taɓa cewa ya zauna ku yi lissafi?" Ta ce, "Haba Yaya, ƙanin maigida ne fa. Sai a ce na mai da shi ɓarawo."

To, wannan kunyar ce ta sa na ɗauki alƙalami yau. Da yawanmu muna ganin tambayar lissafi rashin yarda ne, alhali addininmu bai koya mana haka ba. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, a kan mu'amalar kuɗi ta sauka, tana umarni da a rubuta bashi, babba ne ko ƙarami, a kuma kafa shaidu. Waɗanda aka fara yi wa wannan umarni su ne Sahabbai, mutanen da suka fi kowa riƙon amana. Ashe ke nan rubutu bai zama zargi ba. Kariya ce ga mai kuɗi da wanda aka ba wa, domin akwai mantuwa, akwai kuma mutuwa.

Dubi uwarmu Nana Khadija, Allah Ya ƙara mata yarda. Attajira ce da take ba maza dukiyarta su yi fatauci. Da za ta ba Manzon Allah (SAW) kayanta zuwa Sham, ta zaɓe shi ne saboda shaidar gaskiya da amana da duk Makka ta yi masa, kuma ta haɗa shi da yaronta Maisara, wanda ya dawo ya ba ta labarin tafiyar. Mace ce da ta san inda dukiyarta take.

Irin wannan ciniki, ke da kuɗi wani da ƙarfi da basira, malamanmu na Malikiyya suna kiransa ƙiradi, wasu kuma su ce mudaraba. Ƙa'idarsa a fili take. Ana yanka rabon riba ne tun farko da kaso, kamar rabi da rabi, ko kashi ɗaya cikin uku. Misali kin ba da Naira 500,000 a kan rabi da rabi, aka ci ribar 100,000, kowa ya ɗauki 50,000. Idan aka faɗi ba tare da sakaci ko ha'inci ba, asarar kuɗin taki ce, shi kuma ya yi asarar wahalarsa. Abin da bai halatta ba shi ne a yanka miki wani adadi tabbatacce duk wata, a ci riba ko a faɗi. Ki lura da kyau, uwargida: tun da rabon ya rataya a kan ribar da aka samu, ba yadda za a san haƙƙin kowa sai an buɗe littafi an yi lissafi.

Wannan ƙa'ida kaɗai ta isa ta tsare mu daga 'yan damfarar zamani. Ba mu manta da MMM ba, wanda wani ɗan Rasha mai suna Sergei Mavrodi ya ƙirƙiro, aka riƙa yi wa mutane alkawarin ƙarin kashi 30 cikin ɗari a wata guda. A watan Disambar 2016 aka wayi gari an rufe asusun jama'a. A watan Afrilun 2025 kuma CBEX ya rushe, bayan ya yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, kuma hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari ta bayyana cewa ba shi da rajista da ita. Dabarar duk iri ɗaya ce: babu wani ciniki a ƙasa, kuɗin sababbin shiga ake ɗiba a biya na farko, su kuma su jawo danginsu da ƙawayensu. Ranar da masu shiga suka ragu, ranar asiri yake tonuwa. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Dokar zuba jari da aka sa wa hannu a 2025 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga masu irin wannan harka, amma ɗaure ɓarawo ba lallai ya dawo miki da sarƙarki ba.

Ba ina cewa ki tusa kuɗinki a ƙarƙashin katifa tsadar kaya ta cinye su ba. Akwai hanyoyin halal da hukuma take sa wa ido. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 a kan tsarin da ba ruwa, wasu bankunan sun biyo baya. Gwamnatin Tarayya ta fara fitar da Sukuk a 2017 da Naira biliyan 100, aka bayyana hanyoyin mota 25 da za a yi aikinsu da kuɗin. Haka kuma asusun zuba jari mai rajista da SEC, doka ba ta yarda mai juya kuɗin ya riƙe su a hannunsa ba. Wani kamfani ne daban yake ajiyewa, wasu amintattu kuma suna sa ido a madadin masu kuɗi.

Saboda haka, ko kamfani ne, ko ɗan'uwa, ko uwar adashi, kafin ki miƙa sisinki ki samu amsar waɗannan tambayoyi:

1. Wace sana'a za a yi da kuɗin, kuma a ina? In bayanin ya fi ƙarfin fahimtarki, ki riƙe abinki.

2. Yaya za a raba riba, kuma wa zai ɗauki asara? Duk wanda ya rantse miki ba a faɗuwa, ki guje shi.

3. Yaushe za a riƙa zama lissafi? A sa lokaci, ko duk wata uku ko duk ƙarshen kaka.

4. In buƙata ta taso, kwana nawa za ki jira kafin a dawo miki da uwar kuɗi?

5. In kamfani ne, yana da rajista da SEC ko lasisin Babban Banki? Takardar CAC shaidar kafa kamfani ce kawai, ba izinin karɓar jarin jama'a ba ce. Ki sa ɗanki ko ƙaninki ya duba miki sunan a jerin da SEC take wallafawa a intanet.

Sannan a rubuta, kowa ya sa hannu, shaidu biyu su sa nasu. Ki shawarci maigida, domin shawara albarka ce, amma ki tuna sadakinki da gadonki mallakinki ne. Ko shi maigidan kika ba wa jari, ku rubuta cikin raha da mutunci, saboda ranar da magada za su zauna.

Ku kuma waɗanda aka ba amana, kada ku jira sai an tambaya. Mai gaskiya shi yake fara kawo littafi.

Ita maƙwabciyar tawa, manya sun zauna har sau biyu. Mai yiwuwa ne ƙanin mijin nata gaskiya ya faɗa, faɗuwar ya yi. Amma babu takardar da za ta wanke shi, babu wadda za ta kama shi. Yau gidajen biyu ko gaisuwar kirki ba sa yi. Zumuncin da ta ji kunyar ɓatawa da tambaya ɗaya, shirun da ta yi ne ya ɓata shi.

Allah Ya tsare mana halalinmu, Ya sa mu cikin masu riƙon amana, amin. Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.