A Horar da Gwanayen Gashi Domin Ƙasar Haɗejiya

A shekarar 2020 aka tabbatar an kawar da ƙwayar shan inna ta asali daga Afirka. Madalla. Amma fa shanyewar jiki ba ta ƙare ba: hawan jini yana kayar da magidanta, haɗarin mota yana taɓa laka.

Masana sun nuna cewa watanni 3 na farko bayan shanyewar ɓarin jiki, su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi saurin sake koyon motsi. To, ƙaƙa manomin Guri ko masuncin Kiri Kasamma zai jure zaryar gashi zuwa Kano, tafiyar fiye da mil 100, balle in kogi ya yi ambaliya irin ta 2022?

Jami'ar Bayero tana yaye likitocin gashi, amma digirin farko sharar fage ne. Gwanintar aikin jijiya ba ta samuwa sai mutum ya zauna asibitin koyarwa ƙarƙashin manya.

Saboda haka muna roƙon Gwamnatin Jigawa ta ɗauki nauyin 'ya'yanmu su sami wannan horo, bisa sharaɗin su komo Babban Asibitin Haɗejiya. Malaman makaranta kuwa su kwaɗaita wa yara wannan aiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.