Sharhi: Ramukan kuzar Jos da lafiyar hanjin namun daji

Tun farkon ƙarni na 20 ake haƙar kuza a tsaunukan Filato, kuma aikin ya bar ɗaruruwan ramuka cike da ruwa a Bukuru, Rayfield da Barkin Ladi. Dakatar da haƙar ma'adinai da Gwamna Caleb Mutfwang ya yi a 2025 ta sake jawo hankali kan wannan gado. Sai dai akwai ɓarnar da ido ba ya gani, wato wadda ke aukuwa a cikin hanjin dabbobin da ke shan ruwan.

Hanjin kowace dabba matattara ce ta ƙananan halittu masu amfani, waɗanda ke taimaka mata narkar da abinci da ƙarfafa garkuwar jiki. Masana sun nuna cewa ƙarafa masu guba, irin su dalma, kan rage ire-iren waɗannan halittu. Idan haka ta faru, dabba takan rame, cuta kuma ta samu kafar shiga. Tarkacen haƙar kuza na ƙunshe da irin waɗannan ƙarafa, har da ma'adinai masu fitar da tururin nukiliya.

Haɗarin bai tsaya a daji ba. Ƙwayoyin cutar da suka saba da gubar ƙarfe sau da yawa kan zama masu jure magunguna. Jos kuwa cibiya ce ta kiwon kaji, inda ragowar magunguna ke bin kashin kaji zuwa gonaki da rafuka. Tsuntsu ko biri da ya sha ruwan na iya kai ƙwayoyin inda shanu ke kiwo, ko lambunan da ke ciyar da kasuwannin ƙasar nan.

Filato na da cibiyoyin da za su iya sa ido: Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa a 1924, da cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis a dajin Amurum, da Gandun Namun Daji na Jos. Gwajin kashin dabbobi hanya ce mai sauƙi, ba ta buƙatar kashe su.

Gubar dalmar da ta hallaka yara sama da 400 a Zamfara a 2010 ta isa darasi. Ya kamata hukumar NESREA da gwamnatin jihar su haɗa gyaran ramukan da gwajin ruwa da na dabbobi a kai a kai, domin abin da ya shiga cikin tsuntsu yau, gobe yana iya isa akushin ɗan Adam.