Ba a yanka elektron ba, a daina ruɗa ƴaƴanmu

Wani saƙo yana yawo a WhatsApp cewa wai masana sun raba elektron gida uku, saboda haka duk abin da muke koyarwa a lakwal ƙarya ne. Har wani ɗalibina ya tare ni da shi, yana tambaya ko ya jefar da littafinsa na fizik. To, masu tura wannan saƙo sun tsinci rabin magana, suka cike sauran da son ransu.

Ga yadda abin yake. A 1909 Robert Millikan ya fara auna cajin elektron, aka tabbatar cewa ba a samun elektron mai rabin caji. Wannan magana tana nan daram. A 1982, Daniel Tsui da Horst Störmer na Bell Labs ta Amurka suka tsare elektron masu ɗimbin yawa a wani siririn shimfiɗi, inda sai gaba da baya da gefe suke iya motsi, ba sama ba ƙasa. Suka sanyaya wurin kusan digiri 273 ƙasa da sifili, suka sa maganaɗisu mai ƙarfin gaske. A 1983 Robert Laughlin ya bayyana abin da suka gani: taron elektron ɗin ya zama kamar ruwa guda, kuma a cikinsa ana samun ɗan kumburi ko gurbi mai ɗauke da sulusin caji.

Ku dubi sahun salla. In kowa ya gusa kaɗan, sai a ga gurbi ya buɗe wanda bai kai faɗin mutum ɗaya ba. An yanka wani ne? Ko kusa. Gurbin na sahu ne, in sahu ya watse babu shi. Haka wannan sulusi yake: ba ya rayuwa a wajen shimfiɗin, kuma duk elektron da aka fitar daga can cikakke yake fita.

Amma sulusin gaskiya ne. A 1997 an auna shi kai tsaye a Saclay ta Faransa da cibiyar Weizmann ta Isra'ila, a 1998 kuma mutanen nan uku suka samu kyautar Nobel. Ilimi ya ƙaru ne, tsohon bai rushe ba.

Mu malamai ma da laifinmu. Wanda ya saba da “haddace ka yi shiru” ba zai iya kare darasinsa ba ranar da waya ta ƙaryata shi, yaro kuwa sai ya bi wadda ta ba shi amsa. Mu koya musu yadda aka auna abu da inda iyakarsa take.

Ku kuma masu turawa, yaron da kuka sa ya raina littafinsa, ku za ku zauna masa jarrabawa?