Dokin Ƙarfe Ya Dawo, Sai A Tsare Masa Amana

Ran 29 ga watan Mayu, 2023, Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sanar da cewa tallafin man fetur ya ƙare. Kafin ran nan ana sayar da lita guda wajen naira 185 a farashin gwamnati. Ba a yi mako guda ba sai da ta haye naira 500, a watan Oktoba na 2024 kuwa ta haye naira 1,000 a Abuja. Tun daga lokacin nan mutane da yawa a biranen Arewa suka jingine babur, suka shiga ɗakin shirgi suka zaro keken da ya shekara da shekaru yana shan ƙura, suka kai wa mai faci. Masu gyaran keke da aka yi tsammanin sana'arsu ta mutu, sai ga su ana jiran layi a gindin bishiyarsu.

Ana cikin haka kuma ga wani baƙo ya soma shigowa kasuwa, watau keke mai aiki da lantarki. Samari sun ɗauki ɗokinsa, fatake kuwa sun fara tambayar kuɗinsa a ƙasar Sin. Saboda haka ya kamata a tsaya a yi shawara tun tulu bai fashe ba. Keke ya taɓa rasa darajarsa a ƙasar nan, girman kai ne ya jawo. In ba a lura ba zai sake rasa ta, wannan karo kuwa algus ne zai jawo. Maganin abin yana hannun mutum biyu, malami da ɗan kasuwa.

Dattawa ba su manta da zamanin da basukur ya ke abin alfahari ba. Wanda ya sayar da gyaɗarsa ko audugarsa da kaka ya sayi Raleigh, ƙauye duka sai an zo an yi masa barka. Yakan naɗe ƙarfen da kyalle don kada ya kuje, ya goge shi kowace safiya, ya je ya yanko masa lasin a ofishin En'e. A kansa malamin makaranta ya ke zuwa aiki, a kansa ɗan koli ya ke cin kasuwar ƙauye uku cikin mako guda, a kansa kuma malami ya ke ɗaure littattafansa a kariya ya tafi karatun azumi gari mai nisa. Har kamfanin Raleigh na Ingila ya kafa ma'aikatarsa a Kano, saboda yawan masu saye.

Abin da ya kashe wannan daraja sananne ne. Da kuɗin mai suka shigo, aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji a 1975, a shekarar nan kuma aka buɗe ma'aikatar haɗa motar Peugeot a Kaduna. Kowa ya ɗaga kai. Mai keke ya nemi babur, mai babur ya nemi mota, keke ya zama alamar wanda duniya ta bari a baya. Saurayi ya ji kunyar hawansa zuwa zance, maigida ya gwammace ya ci bashi ya hau haya da a gan shi yana tuƙa feda. Alhali kuwa ba wani aibi da aka samu ga keken. Tayarsa biyu da sarƙarsa suna nan yadda su ke, zukatan mutane ne suka juya.

Ga mai tsammanin keke kayan talauci ne, ya dubi ƙasar Holan, wadda ta ke cikin mawadatan ƙasashen Turai. Kekunan da ke cikinta sun fi mutanenta yawa, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu na tafiye-tafiyensu a kan keke su ke yi. Su ma sun taɓa bin mota har suka sha wuya. A 1971 mutum wajen 3,300 suka mutu a hanyoyinsu, cikinsu akwai yara fiye da 400. Iyaye suka tashi da ƙara, sa'an nan ƙarancin mai na 1973 ya zo har aka hana tuƙa mota ran Lahadi. Daga nan hukuma ta shiga keɓe wa keke hanyarsa dabam. Mark Rutte, wanda ya yi kusan shekara goma sha huɗu yana Firayim Minista, a kan keke ya kan je ofis, ran da ya sauka a watan Yuli na 2024 kuwa a kan keke ya koma gida. Ba wanda ya ce girmansa ya ragu.

To, shi keken lantarki, keke ne kamar kowane, yana da feda da sarƙa da birki, sai dai an ƙara masa ɗan inji a cibiyar taya ko gindin feda, da batir wanda a ke yi wa caji kamar na wayar hannu. Mahayi yana tuƙawa, injin yana taimakonsa, hawan tudu ya zama kamar shimfiɗaɗɗiyar hanya. A Turai doka ta ce injin ya daina taimako in gudu ya kai kilomita 25 a awa, ƙasar Sin ma wannan iyaka ta sa tun 2019. A ƙasar Sin ɗin akwai irinsa fiye da miliyan 300 a kan hanya. Amfaninsa ga dattijon da gwiwa ta fara yi wa gardama, da mai dakon kaya, da wanda ba ya son isa masallaci ko shago jiƙe da gumi, ba ya buƙatar dogon bayani.

Ɗan kasuwa kuwa lissafi ya ke so, ga shi. Matsakaicin batir ba ya shan rabin yunit na wuta kafin ya cika, yakan ɗauki awa huɗu zuwa shida, ya kai mutum kilomita 30 zuwa 50, gwargwadon nauyin kaya da kyan hanya. Ko da farashin wuta mafi tsada na watan Afrilu 2024, watau naira 225 kowane yunit, caji guda bai wuce wajen naira 100 ba. Babur kuwa kusan lita guda ta fetur zai sha a wannan tafiya. Wanda ke da faifan sola a rufin ɗakinsa ma ba ruwansa da ɗauke wuta.

Amma lissafin bai ƙare nan ba, gama ran keken nan duka yana cikin batir, shi ne kuma mafi tsada a jikinsa. Batir na ƙwarai yakan jure caji ɗaruruwa, ya yi shekara biyu zuwa huɗu kafin ya raunana. Zafi yana rage masa kwana, zafin bazara na Sakkwato da Maiduguri kuwa ba sai an faɗa wa kowa ba. Batir iri biyu ne. Akwai na dalma, mai araha, mai nauyi, mai saurin mutuwa. Akwai na litiyam, marar nauyi, mai tsada. Wannan na biyu shi ne ƙofar algus, domin a rufe ya ke, mai saye ba ya ganin cikinsa. Akan tsinto tsofaffin ƙwayoyin batir na kwamfuta a harhaɗa, a sa musu sabuwar riga, a rubuta musu ƙarfin da ba su da shi. Mai saye ya biya kuɗin sabo, bayan wata uku keken ya kasa kai shi bakin kasuwa. Mutum goma in aka yi musu haka a unguwa guda, ba mai sake kallon keken lantarki a unguwar nan, ko na ƙwarai ne. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Asarar kuɗi ma da sauƙi, akwai ta rai. Batirin litiyam marar kyau, ko wanda aka haɗa da abin cajin da ba nasa ba, yakan kama da wuta farat ɗaya, wutarsa tana da wuyar kashewa, takan kuma sake tashi bayan an ɗauka ta mutu. A birnin New York na Amurka irin wannan gobara ta kashe mutum 18 cikin 2023. A birnin Nanjing na ƙasar Sin, a watan Fabrairu na 2024, wuta ta tashi a ƙasan wani bene inda a ke ajiye kekunan lantarki, mutum 15 suka rasu. 'Yan kasuwar Kano da suka ga yadda gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari a 2016 sun san abin da tartsatsi guda ke yi cikin rumfuna. Saboda haka kada a bar batir kan caji a kulle shago a tafi gida, kada a yi masa caji cikin rana ko a bakin ƙofar ɗakin da mutane ke barci, wanda ya kumbura ko ya soma wari kuwa a fitar da shi fili nan da nan.

Hukuncin wannan ba baƙo ba ne ga malamai. Duk wanda ya karanta babin ciniki cikin Risala ta Ibn Abi Zaid ya san an hana algus da ɓoye aibin haja, kuma mai saye in ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da ikon mayarwa ya karɓi kuɗinsa. Rubuta wa batir ƙarfin da ba shi da shi ɗaya ne da tauye mudu. Abin da ya wajaba ga mai shigo da keken nan shi ne ya san ma'aikatar da ta ƙera shi, ya faɗi gaskiyar nisan da ya ke kaiwa, ya ba da takardar lamuni ta watanni sanannu, ya shigo da kayan gyara tare da shi, ya kuma koya wa masu gyaran keke na unguwa yadda a ke kula da shi. Mataccen batir kuma ya karɓe shi, kada a bar shi a juji yara su fasa. Gubar dalma da ta fito daga duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara cikin 2010, dalmar nan kuwa ita ce cikin batir mai araha.

Malamai nasu aikin ya fi sauƙi, ya kuma fi nauyi. Jama'a suna kallon abin da malami ya ke yi fiye da yadda su ke jin abin da ya ke faɗi. Ran da limami ya iso masallaci a kan keke, ran nan kunyar hawansa ta fita daga unguwa. Malamai ne ke karantar da cewa almubazzaranci da girman kai cuta ne, ga wurin da za a ga karatun ya yi aiki. Su ne kuma za su tuna wa mai mota cewa mai keke yana da haƙƙi a hanya, su tuna wa mai keke ya gyara birki, ya sa fitila da dare, ya daina bin hannun da ba nasa ba.

Hukuma ma tana da nata kaso. A 2001 Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kiran jama'a su hau keke, har ya hau da kansa a Abuja, wata motar bas ta ture shi cikin rami. Mutane suka yi dariya, amma darasin shi ne kira ba ya isa in ba a keɓe wa keke gefen hanya ba. Hukumar SON mai duba ingancin kaya kuma ta tsare batura tun a bakin teku, kafin su iso kasuwa.

Wanda ƙarfinsa bai kai na lantarki ba, kada ya ci bashi saboda yayi. Keken feda yana nan, ba ya shan mai, ba ya jiran wuta, gyaransa bai fi ƙarfin mai faci ba. Wanda ya ke da halin saye kuwa, ya tambayi batir kafin ya tambayi launi. Allah ya sa a yi ciniki da gaskiya, ya tsare mahaya da masu tafiya ƙasa, amin.