Bashin Karatu Ba Ganima Ba Ne

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin ɗalibanmu, tun daga harabar Jami'ar Modibbo Adama har zuwa teburan masu shayi na Jimeta, wai kuɗin NELFUND "rabonmu ne na arzikin ƙasa", a ci a goge baki. Wannan magana ɓata ce, kuma mai yaɗa ta yana yi wa ƙannensa mugunta ko da bai sani ba.

Bari mu fara da abin da doka ta ce, tun da yawancin masu bakin ba su karanta ta ba. Dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023 ta gindaya sharuɗɗa masu tsauri: kada kuɗin shigar iyali ya kai naira 500,000 a shekara, sannan ɗalibi ya kawo mutum biyu masu tsaya masa, irin su babban ma'aikacin gwamnati ko lauya. Ina ɗan manomin Girei zai samo lauya? Da aka ga ba ta ɓullewa, sai aka soke ta, aka kafa sabuwa a Afrilun 2024, aka zubar da waɗannan sharuɗɗa. Abin da ake nema shi ne ɗalibi ya kasance a makarantar gwamnati, da lambarsa ta JAMB da NIN da BVN. Ɗaliban Jami'ar Amurka da ke Yola ba sa ciki, don mai zaman kanta ce. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa makaranta, na guzuri kuwa, naira 20,000 a wata, shi ke shiga asusun ɗalibi.

Masu cewa riba ce su ma su huta, domin babu ko kwabo na ruwa a kai. Amma rashin ruwa bai mai da bashi kyauta ba. Shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa za a soma biya, ana cire kashi 10 cikin ɗari na albashi. Wanda bai sami aiki ba yana iya yin rantsuwa ya nemi a ɗaga masa ƙafa. Wanda ya yi rantsuwar ƙarya kuwa, ɗaurin shekara 3 ke jiransa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mun taɓa ganin irin wannan. A 1972 gwamnatin Gowon ta kafa hukumar ba ɗalibai rance. Aka karɓa, aka yi digiri, aka hau manyan kujeru, da yawa suka ƙi biya, har hukumar ta durƙushe. Bankin Ilimin da aka yi wa doka a 1993 bai ko tashi tsaye ba. Shekaru wajen talatin 'ya'yan talakawa suka yi babu wannan ƙofa, alhali waɗanda suka rufe ta suna nan cikin manyan riguna, wasunsu ma suna yi wa matasa wa'azin riƙon amana a wurin taro.