Zama Da Lasifikar Da Ba Ta Rufa Wa Kowa Asiri

Shekara uku ke nan ina zaune a gidan kawuna a Legas saboda karatu, kuma tun ranar da na sauka abin da ya fara ɗaukar hankalina a falonsa shi ne wasu alluna guda biyu da aka tsayar a tsakiyar ɗaki, nesa da bango, kai ka ce an manta ne ba a jingine su ba. Na ɗauka abin tare ɗaki ne. Ashe lasifika ce, irin wadda Turawa ke kira elektirostatik, ya sayo su na hannu a Ingila da kuɗin da Inna, wato matarsa, har yau take cewa da ya isa a sayi fili a gida. Mu dai a gidan "allo" muke ce musu.

Bari in ɗan yi wa mai karatu bayanin yadda abin yake aiki, domin a nan ne daɗinsa da wahalarsa duka suka fito. Lasifikar da muka saba da ita, ta rediyo da ta masallaci da ta 'yan biki, tana da maganaɗisu da naɗaɗɗiyar waya da wani mazurari na takarda wanda ke kai da kawowa yana tura iska. Wannan tsari ya samo asali ne daga aikin Rice da Kellogg a Amurka a shekarar 1925. Ita kuwa allo ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Leda ce kawai, wadda ta fi gashin kai siranta sau fiye da goma, aka ɗame ta a tsakanin faranti biyu masu huji-huji, aka ɗora mata cajin lantarki na dubban bolt. Wanda ya taɓa goga biro a gashin kansa ya ɗauki guntun takarda da shi ya riga ya san sirrin. Idan sauti ya shigo, faranti ɗaya ya ja ledar, ɗayan ya tura ta, sai ta girgiza gaba ɗayanta. Da yake ba ta da wani nauyi, nan take take motsawa, nan take kuma take tsayawa. Peter Walker na kamfanin Quad ne ya fitar da irinta da ta yi suna a 1957, ya sake fitar da wata mai suna ESL-63 a 1981. A Amurka kuma kamfanin MartinLogan ya shahara da haɗa allon da lasifika ta gargajiya a ƙasansa don ta ɗauki sauti mai kauri.

To, zama da ita fa sai mai haƙuri. Da farko dai dole a sa ta a wuta kamar firiji, in an ɗauke wuta kuwa ba a daɗewa cajin ya tsiyaye, kuma Kawu ba ya yarda a haɗa ta da janareta kai tsaye. Sa'annan tana fitar da sauti ta gaba da ta baya daidai wa daida, saboda haka sai an ba ta kamar mita guda daga bango, abin da ya cinye rabin falon Inna. Ga damina irin ta Legas: in iska ta cika da danshi sai cajin ya riƙa zurarewa, sautin ya yi ƙasa, wani lokaci ka ji tana ɗan tsartuwa ita kaɗai cikin dare. Hunturu kuma ya zo da nasa, don caji yana jan ƙura kamar yadda gilashin tsohuwar talabijin ke yi. Ni ne mai lulluɓe su da zane kullum da dare. Ba ta kuma son a ƙure mata murya, kuma duk wanda ke neman dukan da zai girgiza masa ƙirji, irin na gidan biki, to ya nemi wani wurin.

Abin da ya fi ba baƙi haushi shi ne kujera. Sautin allo yana tafiya ne a miƙe kamar hasken tocila, don haka wuri ɗaya ne tak a falon ake jin sa yadda ya kamata. Mu kuwa mun taso ne ana jin waƙa a taro, a dandali ko a ƙofar gida ana kewaye da rediyo ana musu. Na taɓa ce wa Kawu wannan ai na'urar marowata ce. Ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, zo ka zauna tukuna, in ka tashi sai ka zage ta."

Na zauna. Ya sa faifan Talking Timbuktu na Ali Farka Toure da Ry Cooder, wanda ya fito a 1994. Ban san yadda zan kwatanta ba sai dai in ce allunan sun ɓace. Mutum na ji zaune a gabana, ina jin inda yatsa ke sauka a kan tsirkiya, ina jin numfashin da yake ja kafin ya buɗe baki. A matsayina na ɗalibin harshe, wannan ne ya kama ni. Ba zan yi ƙarya in ce sai da ita ake jin karin sauti ba. Ko a ƙaramar rediyo kowa zai bambance kukan yaro da kukar miya. Amma ƙananan abubuwan da muke wahala da su a darasin tsarin sauti, irin su fashewar tunkuɗau a ƙ da ts, da bambancin ra-gare da ra-kaɗe a bakin mai magana da sauri, a nan na ji su fes, ba tare da na yi ta mai da kaset baya ba.

Daga nan sai zumuɗi ya kama ni, na ce yau zan ji namu. Na haɗa wayata na sa Mamman Shata. Wallahi da na sani ban sa ba a gaban Kawu. Shuuu ɗin kaset ya cika ɗakin, kalangu ya dunƙule kamar ana kaɗa shi a cikin bargo, muryar 'yan amshi ta narke ta zama abu ɗaya, can kuma sai gudun waƙar ya ɗan lanƙwashe, alamar kaset ɗin da aka kwafo daga gare shi ya riga ya saki. Na gwada Ɗanmaraya Jos, wanda kuntiginsa ya kamata a ce shi ne ya fi dacewa da irin wannan lasifika tunda ba ya buƙatar kaurin sauti. Shi ma haka. A 'yar lasifikar wayata ban taɓa lura ba, domin ita tana ɓoye aibi ne ta hanyar ɓoye komai.

A nan ne ra'ayina ya tsaya. Ba na ganin laifin Kawu da ya sayi abin da ransa ke so, kuma ba na tare da masu cewa duk lasifika ɗaya ce, an dai yaudari masu kuɗi ne. Bambancin yana nan, na ji shi da kunnena. Sai dai allo ba ta ƙara wa sauti komai, abin da aka ba ta shi take mayarwa, mu kuwa abin da ke hannunmu na manyan mawaƙanmu yawancinsa kwafin kwafi ne. An ɗauka daga faifai ko rediyo zuwa kaset, daga kaset zuwa wani kaset a shagon mai kwafi, daga nan aka matse shi ya zama MP3, aka yi ta tura shi daga waya zuwa waya. Faifan CD yana ɗauke da kilobit 1,411 a daƙiƙa guda, MP3 da aka fi yaɗawa kuwa 128 ne. Abin da aka zubar a hanya babu na'urar da za ta dawo da shi, komai tsadarta. Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya a 2015. Ba za su sake shiga ɗakin ɗaukar murya ba. Abin da ya rage shi ne ainihin tef-tef ɗin da ke ajiye a gidajen rediyo da hannun tsofaffin masu sana'ar faifai, su ma kuwa zafi da danshi ba sa raga musu.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, 'yan'uwa ɗalibai. Kowace shekara muna fita aikin kundi, mu sami tsohuwa mai tatsuniya ko maroƙi ko mahauci a Agege ko Sabon Ibadan, mu ajiye waya a kan tabarma kusa da janareta, mu ɗauka a matsayin saƙon murya, mu rubuce abin da muka iya ji, mu goge. Wanda zai zo bayanmu yana son nazarin karin harshen wannan tsohuwa ba zai sami komai ba. Ƙaramar na'urar ɗaukar murya mai ajiyewa a tsarin WAV, da makirfo na kirki, da abin sawa a kunne mai kyau, duka ba su kai kuɗin gyaran allo ɗaya ba. Ina ganin ya kamata ƙungiyarmu ta sa wannan a gaba kafin kuɗin walimar ƙarshen shekara.

Ni dai a hutun da ya wuce na ari irin wannan na'ura na ɗauki kakata tana ba da labarin auren fari, a ɗaki, ƙofa a rufe, an kashe fanka. Da na dawo na sa wa Kawu. Ya zauna a kujerar nan tasa bai ce uffan ba har aka gama, sa'annan ya tashi ya kira Inna ya ce ta zo ta zauna a wurin, a sake sawa daga farko.